Mai Ciwon Daji Na Fankiriyas Da Aikinsa

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wata cuta mai nauyi, da yadda wanda ta kama zai yi da aikinsa. Mutumin ƙasar Baure in likita ya ce masa za a yi wata 6 ana yi masa magani, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne gonarsa. Wa zai nome ta? Mace kuwa sai ta tuna da sana'arta da 'ya'yanta. Wannan tunani yana kan hanya, gama maganin nan yana cin kuɗi, tukunyar tuwo kuma ba ta jiran mutum ya warke. To, ana iya aiki ana shan magani. Amma sai an zaɓi aikin, an kuma zaɓi ranar.

Mece ce fankiriyas?

A cikin cikin mutum, bayan tumbi, akwai wata tsoka doguwa a kwance, tsawonta kamar inci 6. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Kada ku ɗauke ta saifa, ita dabam ce. Mahauta suna ganinta in sun feɗe rago, fara-fara kamar kitse, manne da farkon hanji. Aikinta biyu ne. Tana zubo wani ruwa cikin hanji mai narkar da abinci, musamman mai da nama. Tana kuma sako wani abu cikin jini mai suna insulin, wanda ke daidaita sukari.

Ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara, yakan tsiro a wannan tsoka. Mugun halinsa shi ne ɓuya. Yakan daɗe yana girma mutum bai sani ba. Sa'an nan sai rama ta zo, abinci ya fita kai, saman ciki ya riƙa ciwo har ya ratsa zuwa baya. Sau da yawa ido yakan yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Nan ne mutanenmu ke cewa shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe da tsime-tsime har wata biyu ko uku su wuce. Alhali kuwa ƙari ne ya danne hanyar da ruwan matsarmama ke bi, kamar yadda dutse ke tare kwata. Babu jiƙon da zai ɗauke dutsen nan. Dattijon da idonsa ya yi rawaya yana kuma ramewa, a kai shi asibiti a ɗauki hoton cikinsa.

Cikin mutum 5 da aka gano cutar a jikinsu, kamar 1 ne kaɗai ake samu ƙarin bai bazu ba, har a iya yi masa aiki a cire. Shi ma bayan aikin akan yi masa magani na wata 6 don a kashe abin da ya rage. Sauran kuwa magani ne ake ba su don ya danne cutar, ya rage ciwo, su sami sauƙin zama da iyalinsu.

Yadda maganin ke aiki

Sunan maganin kemoterafi, a asibiti akan taƙaita a ce kemo. Yawanci ta jijiya ake ba da shi, kamar ƙarin ruwa. Akwai kuma na haɗiya.

Kun san maganin feshi na ciyawa. Yana kashe ciyawa, amma in ya taɓa shuka yakan ɗan ƙona ta, sai ta kwana biyu ta farfaɗo. Haka kemo yake. Yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin yaɗuwa, watau na daji. Amma a kan hanya yakan taɓa wasu na kirki: na cikin baki, da na hanji, da na gashi, da waɗanda ke yin jini a cikin ɓargo. Shi ya sa ake amai da gudawa, baki ya yi miki, jiki ya mutu. Shi ya sa kuma ba a ba da shi kullum. Akan bayar, a dakata jiki ya farfaɗo, a sake bayarwa.

Iri biyu aka fi amfani da su. Na farko sunansa jemsitabin, an fara ba da shi ga masu wannan cuta a Amurka a 1996. Yakan shiga cikin kamar minti 30, sau ɗaya a mako, mako 3 a jere, na huɗu a huta. Na biyu haɗi ne na magani 4, ana ce masa folfirinoks. Shi duk bayan mako 2 ake ba da shi, kuma ruwan yakan yi kusan kwana 2 yana shiga. Likitocin Faransa sun gwada su biyun a kan mutum 342 waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu, suka bayyana abin da suka gani a 2011. Rabin waɗanda aka ba haɗin nan sun kai wata 11. Rabin waɗanda aka ba jemsitabin kuwa kusan wata 7 suka kai. Amma masu haɗin sun fi shan wuya, saboda haka sai mai sauran ƙarfi ake ba shi. Kwana na Allah ne, akwai waɗanda ke zarce wannan lissafi nesa. Mun kawo shi ne don ku san cutar ba ta wasa ba ce, ƙarfin da ya rage wa mutum kuwa dukiya ce, ba a ɓarnatar da ita.

Ba a yin wannan magani a ƙaramin asibiti. A 2025 an buɗe sabon sashen masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma Asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da asibitin Shika a Zariya. Daga Baure sai an bi ta Zango a shiga Daura, daga Daura zuwa Katsina kuma kimanin kilomita 80 ne. Kun ga ranar magani ta tafi ke nan ɗungum, wani lokaci har da kwana. Kafin a sa ruwan kuma sai an auna jini. In an ga bai kai ba, sai a ce a dawo mako mai zuwa.

Ranakun wuya da ranakun sauƙi

Ga inda maganar take. Maganin nan yana da zagaye, kamar yadda shekara ke da damina da rani. Wanda ya gane zagayensa ya san ranar da zai fita da ranar da zai kwanta.

A ɗauki mai shan haɗin nan na mako 2. Kwana 2 na farko yana asibiti, ko yana ɗauke da ruwa. Daga kwana na 3 zuwa na 5 akan fi jin jiki: kasala, tashin zuciya, barci. Waɗannan ranaku ba na aiki ba ne, ko da kuwa ruwan shuka ya sauka. Daga nan sai ƙarfi ya soma dawowa, abinci ya soma shiga. Mako na biyu shi ne na aiki. Mai jemsitabin kuwa yakan ji kamar mura da ciwon gaɓoɓi kwana ɗaya ko biyu, sauran makon ya sami dama, mako na huɗu kuma ya fi kowane sauƙi.

Amma akwai tarko a nan, ku kula da kyau. A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki, masu kama cuta in ta shigo. Kemo yakan rage su, kuma sun fi yin kaɗan tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan an sa ruwa. Watau daidai lokacin da mutum ke jin ya warware, lokacin ne ƙofar garinsa ba ta da masu tsaro. Zai ji ƙarfi a hannu, ya ɗauki kwando ya shiga kwasar taki, ƙwayar cuta ta shige shi ta wani ɗan yanka. Saboda haka jin ƙarfi kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba.

Jikin kowa da yadda yake karɓar magani. Mai hankali sai ya sami ɗan littafi ya riƙa rubutawa, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa. Kamar haka: "Talata, an sa ruwa. Alhamis, amai sau 3, ban fita ba. Lahadi, na sha kunu, na zagaya gona. Litinin, na yi awa 2 ina cira." In ya yi zagaye biyu ko uku yana rubutawa, zai ga ranakun suna maimaita kansu. Likita ma in ya ga littafin nan ya fi sanin abin da zai rage da abin da zai ƙara.

An yi wata alƙaliya a babban kotun Amurka, sunanta Ruth Ginsburg. A 1999 ciwon daji ya kama ta a hanji. Sai ta shirya a riƙa yi mata kemo ran Jumma'a, don kotunsu ba ya zama Asabar da Lahadi, kafin Litinin ta farfaɗo. A 2009 aka yi mata aikin fankiriyas. A 2020 cutar ta dawo, aka sa ta a kan jemsitabin, ba ta kuwa ajiye alƙalanci ba har ta rasu a watan Satumba na shekarar, tana da shekara 87. Dabararta ta zaɓen rana abin koyi ce. Ɗan kasuwa ya roƙi likita a sa masa ranar da wuyar za ta wuce kafin kasuwarsa ta ci, in da hali za a yi masa. Amma kada wani ya ce, "Tsohuwa ma ta yi, balle kai." Ita aikinta na zaune ne a inuwa, karatu da rubutu, ga likitoci kusa. Ba ta taɓa riƙe garma a jigawar Baure ba.

Wane aiki, wane ne kuma a'a?

Manomi ya raba aikin gona biyu: na ƙarfi da na ido. Huɗa, da noman firi, da maimai, da ɗaukar dami, da sussuka, waɗannan na ƙarfi ne, a bar wa yara da 'yan ƙwadago. Na ido kuwa nasa ne. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya, da irin geron da ya dace da kowace gona, da lokacin da wake ke son a kula da shi. Ya zaɓi iri, ya tsaya a kan masu aiki, ya auna abin da aka kawo gida. In yana jin dama ya yi shuka ko cira da sassafe, awa ɗaya ko biyu, ya koma inuwa kafin hantsi ya ɗaga. Ɗan motsi irin wannan yana da amfani, likitoci sun tabbatar tafiya kaɗan kowace rana ta fi kwanciya rage kasalar kemo.

Rana abokiyar gaba ce. Wasu magungunan suna sa fata ta ƙone da wuri, ga mai gudawa kuma ruwan jikinsa ya riga ya ragu. Da bazara, zafi a ƙasar Daura yakan wuce 40 a ma'auni. Sai malfa, da riga mai dogon hannu, da gora cike da dafaffen ruwa. Takalmi dole ne, saboda ƙaya da kututture. Kashin shanu, da akurkin kaji, da ƙurar tsohon rumbu mai funfuna, da feshin maganin ƙwari, duk a bar wa wani.

Gayya kuwa don irin wannan rana aka san ta. Mutum ya yi shekara 30 yana zuwa gayyar mutane, yau ya ji kunyar kira? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gonakin suna da yawa, gara ya ba wani ɗan'uwa ta nesa ya noma su raba, a gaban shaidu, a kuma rubuta. Abin da ba shi da kyau shi ne a ce ranar magani ta zo mutum ya ƙi zuwa don gyaɗa tana son cira. Likita yana iya ɗaga rana in ya ga dalili. Mara lafiya ya ɗaga da kansa, wannan ba wa cutar fili ne ta ƙara yaɗo, kuɗin da aka kashe a baya kuma ya tafi a banza.

Akwai wani abu da masu shan haɗin nan ke gamuwa da shi, wanda in ba a gaya musu ba sai su tsorata. Ɗaya daga cikin magungunan yana taɓa jijiyoyin yatsu. Kwanaki kaɗan bayan an sa ruwa, in mutum ya taɓa abu mai sanyi sai ya ji kamar an tsira masa allura. In ya sha ruwan sanyi sai maƙogwaro ya ƙulle kamar zai shaƙe. Ruwan randa da asubar hunturu ya isa ya jawo wannan. A ɗumama ruwan sha da na alwala, mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo mai sanyi kuwa ya sa yaro a kan tukunya. In aka daɗe ana sha, yatsu sukan yi dindiris, ba a jin abin da aka riƙe. Tela da baduku da mai saƙar tabarma su lura da wannan, su gaya wa likita da wuri, tun abin bai zauna ba. Mai acaba da direba kuwa, in yatsu sun mutu ko ana jiri, to a ajiye abin hawa. Ran fasinja yana hannunsu.

Ɗan kasuwa yana da sauƙi, don cinikinsa na zaune ne. Amma cunkoson kasuwar Mai'aduwa, da ƙurar kara, da doguwar tafiya a bayan mota, ba nasa ba ne yanzu, ya wakilta yaronsa. Wannan cuta tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, dogon zama wuri ɗaya kuma yana ƙara haɗarin. Ko tafiyar Katsinar nan, in mota ta tsaya ya sauko ya taka. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yanke farat ɗaya, asibiti nan take.

Mata su ne aikinsu ba ya ƙarewa, kuma su ne ba a cika ce musu su huta ba. Daka, da surfe, da jan ruwa a rijiya, da ɗauko itace, duk aikin ƙarfi ne, daidai da huɗa. Mai gida ya biya kuɗin inji, abokiyar zama da 'yan mata su karɓi girki a ranakun wuya. Ƙaurin mai yana tayar da zuciya ƙwarai, mai ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta koma awo da karɓar kuɗi, wata ta zauna gaban kasko. Mai shan kemo ba ta shayar da jariri, ba a kuma so a ɗauki ciki a lokacin. Wannan magana ta shafi namiji ma in shi ne mai shan maganin.

Mai albashi, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya karɓi takarda daga likita ya kai wa shugabansa tun farko, ya nuna masa ranakun. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci kwana 12 na aiki a shekara da cikakken biya in likita ya shaida ba shi da lafiya, aikin gwamnati kuma yana da nasa tsarin hutun ciwo. Ɓoyewa ba ta da amfani. Sai a ga mutum yana fashi, a ɗauka lalaci ne. Malamin da yaran ajinsa ke fama da ƙyanda ko ƙarambau, ya nisanci ajin har ta wuce.

Zazzaɓi

In kun manta da kome, kada ku manta da wannan. Mai shan kemo in zafin jikinsa ya kai 38, ko ya kama rawar sanyi, a tafi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Da damina kowa zai ce zazzaɓin sauro ne, a je kemis a sayo ƙwaya. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma cuta ce ta shiga jini ba dogarai, irin wannan kuwa takan kashe cikin kwana ɗaya. Ƙwayar rage zafi ɓoye abin take yi. A sayi ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa kaɗan ne, a koya wa mutum biyu a gidan karanta shi. In an isa asibiti mafi kusa, kalmar farko ita ce, "Kemo ake yi masa," a kuma nuna katinsa. Haka nan in gudawa ko amai sun ƙi tsayawa: a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kama hanya.

Kemo yana kuma rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Don haka ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya. Wanzami ya yi haƙuri sai an gama magani.

Abincin mai aiki

Ba a aiki da ciki wofi, ga shi kuwa fankiriyas mai ciwo ba ta narkar da mai yadda ya kamata. Alamar ita ce bayan gida mai maiƙo da wari, mutum yana ci yana ramewa. Akwai ƙwayoyin da ake haɗiya tare da kowane abinci su yi aikin ruwan nan da ya ragu, a tambayi likita. A ci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: kunu, tuwo mai laushi, dafaffen ƙwai, alale, kifi, miyar kuka ko zogale. Fura da nono tana da kyau, muddin an tafasa madarar kafin ta yi tsami. A riƙa auna sukari, don cutar nan takan kawo ciwon sukari. Duk wani sassaƙe ko garin magani da masu zuwa gaisuwa suka kawo, a nuna wa likita tukuna, gama hanta ce ke tace kemo, ba a ƙara mata kaya. Batun azumi kuwa, malamai sun bayyana mara lafiya yana da rangwame, a haɗa maganar likita da ta malam.

Cutar ba a ɗaukarta. A ci abinci tare da shi, a zauna tabarma ɗaya, a saya a shagonsa. Abin kula kaɗai shi ne kwana 2 bayan an sa ruwa, saboda maganin yana fita ta fitsari da amai. Mai wanke kwano ko zane ta sa leda a hannu, ta wanke da sabulu, a kuma hana yara taɓawa.

Wata rana takan zo da jiki zai ce ya isa. Kowane zagaye yakan fi na bayansa gajiyarwa, wanda ya yi awa 2 a gona a wata na farko, a wata na biyar sai ya ga zagayen gida ma ya ishe shi. In ya kai ga yana kwana fiye da rabin yini a shimfiɗa, ko yana haki daga ɗaki zuwa zaure, ya faɗa wa likita. Wani lokaci jini ne ya yi ƙasa, a ƙara masa. Wani lokaci a rage maganin ko a sake wani. Ciwo ma akwai maganinsa mai ƙarfi a manyan asibitoci, ba sai an daure ba. Shi kuwa tun yana da sauran ƙarfi ya zagaya da babban ɗansa ya nuna masa iyakar kowace gona, ya sa a rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa, da dabbobin da ya ba kiwo da sunan wanda ke riƙe da su.